Na'ura a Aji: A Fara Koya ma Malami

 

Yau hirarmu a kan na'ura take. In na ce na'ura, ina nufin rediyo, da talabijin, da majigi, da wayar salula, da kwamfuta, har da ɗan allon nan na gilashi da ake shafawa da yatsa, wanda ake ce ma tablet. Kayan nan sun fara shiga makarantu. Wata rana mota za ta tsaya a ƙofar lakwal ɗin garinku. A sauke kwalaye, a tara jama'a, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Kowa zai yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Amma akwai tambayar da nake so ku yi tun motar ba ta tashi ba. Ku ce: wa zai koya ma malaminmu aiki da kayan nan? Kwana nawa za a yi ana koya mishi? Wa zai komo ya duba shi bayan kun tafi?

Ku manoma kun riga kun san dalilin tambayar. Ku tuna da garmar shanu. Garma ta fi hauya sauri, babu gardama. Amma a ba mutumin da bai taɓa riƙe ta ba, a haɗa shi da bijimai biyu da ba a hora ba, a ce ya shiga gona. Kunya za ta karkace, garma ta nutse nan, ta yi tsalle can. Kafin rana ta take, shi da shanun duk sun gaji. Gobe sai ya jingine ta bayan rumbu, ya ɗauki hauyarshi, ya ce garma ba ta da amfani. Shi ya sa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da gwamnati ke yaɗa noman shanu, aka buɗe cibiyoyin horon manoma. Miji da matarshi su tare a can, su yi damina guda suna koyo, sannan su koma gida da kayan aiki. To, na'ura a aji ma haka take.

Abin da ƙasarmu ta riga ta gwada

Kada ku ɗauka wannan baƙon zance ne a Nijar. Muna cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada shi.

A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Da dare mutanen gari su taru gewayen akwati guda. Amma ba a bar su da akwatin kaɗai ba. Kowane kulob yana da jagora, sau da yawa malamin makarantar garin ne. An koya mishi yadda zai gabatar da shiri kafin a kunna. An koya mishi yadda zai ja muhawara bayan an kashe. An kuma koya mishi ɗaukar muryoyin mutane a rikoda, ya aika Yamai a sa su a iska. Sai manomi ya ji muryarshi tana fitowa daga akwati, gari ya ɗauka.

A 1964 kuma aka soma makarantar talabijin a Yamai, da taimakon Faransa. Ku lura da wannan: a ƙasarmu ƴan makaranta ne suka riga manya ganin talabijin. Ba a buɗe Tele Sahel ba sai 1979, kuma a kan abin da makarantar ta bari aka gina ta.

A wancan lokaci malamai masu takardar koyarwa ba su da yawa. Sai aka ɗauko samari waɗanda karatunsu bai wuce na firamare ba. Aka yi musu horo na kimanin wata uku. Aka ba kowannensu aji guda da akwatin talabijin. A 1966 shirin ya fita zuwa ajujuwa kimanin 20 a kewayen Yamai, da yara kimanin 800. Ƙauyukan ba su da wutar lantarki, da batir ake aiki. Daga 1968 aka fara gwada pano, wato faifan nan da ke maida hasken rana wuta. Kun ga pano ma ba yau ya zo mana ba.

Ga abin da nake so ku riƙe a cikin labarin. A yini guda akwatin yana magana sau huɗu. Kowane shiri bai wuce minti 15 ba. Ku lissafa da kanku, tun da yanzu kun iya: 15 sau 4, minti 60 ke nan, awa guda. Sauran yinin fa? Sauran yinin na malami ne. Shi zai kashe akwati, ya juyo ga yara, ya tambaye su me suka gani. Shi zai sa su maimaita, su kwaikwayi abin da aka nuna, su zana, su rubuta, su ƙirga. Yana da takardar jagora da aka rubuta mishi don darussan. Kuma masu ba da shawara suna zagayowa, su ga yadda yake yi, su gyara mishi. Saboda haka wata ukun nan ba shi ne dukan horon ba, farkonshi ne kawai.

Yaran da aka fara da su kusan duka sun kai ƙarshe, kuma ba a sa kowa maimaita aji. Baƙin da suka zo kallo daga ƙasashen waje sun yi mamakin yadda bakin yaran ya buɗe, suna magana ba tsoro. Da Faransanci ake darussan. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa sai a 1973 aka buɗe ta a Damagaram.

Amma shirin bai game ƙasa ba. Yana da tsada, kuma ya jingina da kuɗin Faransa da ƙwararrunta. Sannan an gina shi a gefe guda. Sauran malamai da sufetocinsu ba a jawo su ciki tun farko ba. Wanda ba a yi shawara da shi ba, da wuya ya ɗauki abu nashi. Ƙasar Kodebuwa ta ɗauki wannan dabara daga 1971, ta kafa cibiyarta a garin Buwake, ta faɗaɗa ta ƙwarai har ta kai dubban ɗaruruwan yara. A 1982 aka rufe shirin. Tsada tana cikin dalilai, ƙorafin iyaye da na malamai ma yana ciki.

Wani zai ce wancan tsohon zamani ne, kwamfuta ta yau ta fi akwatin talabijin wayo. To, bari mu leƙa nesa. A Amurka ta Kudu akwai ƙasar da ake ce ma Peru. Daga 2008 gwamnatinta ta shiga raba ƙananan kwamfutoci ga makarantu, har suka haura dubu 800. A 2012 aka fito da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta sarai. Amma a karatu da lissafi ba su wuce yaran da ba a ba su ba. Horon da aka tanada ma malamai awa 40 ne, wato mako guda, kuma ba kowa ya same shi ba.

Me ake koya ma malami?

Mutane da yawa suna zaton horon malami a kan na'ura shi ne a nuna mishi inda ake kunnawa da inda ake kashewa. Wannan ai ɗanka ɗan shekara bakwai zai iya shi kafin ka gama shan fura. Mai wuyar ba nan take ba.

Bari in yi muku misali. A ce akwai shirin rediyo na minti 10 a kan ajiyar wake cikin buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. An ɗauke shi a waya, za a sa ma ɗalibai.

Ga malami na farko, wanda ba a hora ba. Ya shigo, ya gaida jama'a, ya kunna, ya zauna. Shi ma yau ne ya fara jin shirin. Na baya ba sa ji sosai, sun fara hira. Jinjiri ya yi kuka, wuri mai muhimmanci ya wuce. Da shiri ya ƙare ya ce: “Kun gane?” Kowa ya ce: “Mun gane.” An tashi. Ba wanda ya rubuta baƙi ko guda.

Ga malami na biyu. Tun daren jiya ya saurari shirin shi kaɗai, har sau biyu. Ya zaɓi kalmomi uku daga ciki: wake, buhu, ƙwaro. Da ya shigo aji bai taɓa waya ba. Ya fara rubuta kalmomin a allo, aka karanta su tare. Sannan ya ce: “Bara, wa ƙwaro ya ci ma wake?” Hannuwa suka tashi. Ya ce: “To, ku kasa kunne. Ina so ku gaya mini abin da ke kashe ƙwaro a cikin buhun nan, alhali ba a sa magani ba.” Yanzu kowa yana da abin da yake nema a cikin shirin. Ya kunna. Da aka kai tsakiya ya tsayar, ya tambayi wata a baya abin da ta ji. Ba ta ji da kyau ba, ya maida baya kaɗan. Da aka gama, ɗalibai da bakinsu suka faɗi amsa: in an ɗaure leda tam, iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa ba iska. Kowa ya rubuta wannan a kayenshi. Sannan aka shiga lissafi: buhu mai tiya 40, in ƙwaro ya ɓata tiya 1 cikin kowace tiya 5, tiya nawa aka yi asara? Ku ma ku lissafa, za ku samu 8.

Waya guda ce, shiri guda ne. Minti 10 na rediyo ya zama darasin awa guda a hannun na biyu. Abin da ya yi kafin a kunna, da abin da ya yi ana cikin saurare, da abin da ya yi bayan an kashe, su ne ake koyarwa a wurin horo. Ba a haifi kowa da su ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake rainawa, alhali su ke kashe darasi. Ina za a ajiye rediyo? A tsakiya, bisa wani abu mai tudu, ba kusa da ƙofa ba, kuma dattijan da kunnensu ya yi nauyi su matso gaba. Majigi da talabijin ba sa son haske ya faɗo musu a fuska. Malami ya je can bayan aji ya tsuguna, ya ga ko wanda ke zaune a nan yana gani. In tablet 10 aka kawo, yara kuwa 60 ne, sai a raba su shida-shida. Nan fa sai an sa ido. In malami bai tsara bi da bi ba, yaron da ya fi ƙarfi shi zai riƙe ta har a tashi, ƴan mata kuwa sai leƙe ta bayan kafaɗa. Na sha ganin haka, har a ajin manya. Malamin da aka hora yana ba kowa lamba, in ya tafa hannu na'ura ta koma hannun na gaba.

Ana kuma koya mishi kula da kayan. Ƙurar hunturu da zafin bazara abokan gaban na'ura ne. A rufe ta da ƙyalle, a ajiye ta a inuwa. A goge pano, don in ƙura ta lulluɓe shi ba ya jan wuta yadda ya kamata. Kada a bar batir ya ƙare ƙarƙaf kullum, yana rage mishi kwana. A nan dole in faɗi wata gaskiya, ko da za ta sosa ma wasu rai. A garuruwa da yawa pano ɗin makaranta ya zama wurin cajin wayoyin gari duka. Da safe malami ya zo darasi, wuta ta ƙare. Ba laifin malami ba ne shi kaɗai, don yana da wuya ya ce ma mai gari ko limami a'a. Aikin kwamiti ne ya tsai da doka.

Kuma ranar da na'ura ta ƙi aiki fa? Za ta ƙi, ko ba yau ba. Hadari ya rufe rana, ko rezo ya ɗauke, ko igiyar caji ta tsinke. Malamin kirki yana zuwa da shiri biyu. In waya ta yi shiru, ya ba da labarin buhun waken da bakinshi, ya ɗauki alli, darasi ya ci gaba. Wanda ya sallami ɗalibai don batir ya mutu, horonshi bai cika ba.

Haka nan sai ya san lokacin da ba a bukatar na'ura sam. Mai koyon rubuta “a” da “b” hannunshi ne ke koyo. Alli da allo ko fensir da kaye sun fi mishi kowace na'ura. Kuma ba duk abin da ke cikin waya ne gaskiya ba. Malami ba ya nuna ma aji abin da shi bai fara kallo ya tantance ba.

Wayar da ke aljihunku

Na'urar da ta fi kusa da mu ita ce ƙaramar salula mai maɓallai. A kanta ma an yi gwaji a ƙasarmu. A 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a jihohin Doso da Damagaram, cikin ƙauyuka fiye da 100. Duka ƙauyukan suna da ajin yaƙi da jahilci, littafi iri ɗaya, tsawon karatu iri ɗaya. Amma a rabinsu an ƙara darasin waya. Ba ranar farko aka fito da ita ba, sai da ɗalibai suka fara sanin baƙaƙe da lambobi. Kuma ba kowa aka ba tashi ba. Mutum biyar, waya guda. Aka koya musu kunnawa da kashewa, da gane lambobi da baƙaƙen da ke kan maɓallai, da kira, da rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, ƙauyukan da suka yi darasin waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Watanni bayan an rufe aji aka sake gwada su, bambancin bai ɓace ba, musamman a lissafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da damina ta faɗi ana rufe aji, kaye ya shiga akwati, abin da aka koya ya fara zubewa. Amma mai waya yana da dalilin rubutu kowane mako. Zai tambayi farashin gero a kasuwa. Zai aika ma ɗanshi da ya tafi cirani saƙo. Saƙo kuma ya fi kira arha.

Amma ku duba irin abin da malami zai sani kafin ya koyar da wannan. A kan ƙaramar waya, maɓalli guda yana ɗauke da baƙi uku ko huɗu. In za ka rubuta “gero”, sai ka danna 4 sau ɗaya, g ta fito. Ka danna 3 sau biyu, e ta fito. Ka danna 7 sau uku, r ta fito. Ka danna 6 sau uku, o ta fito. In ka yi jinkiri tsakanin dannawa, sai wani baƙi dabam ya fito maka. Hannun da ya saba da hauya yana da nauyi, sai an yi haƙuri da shi. A wayoyi da yawa kuma manyan baƙaƙe ne a kan maɓallai, alhali ɗalibi ƙanana ya fi sani. Yana neman g, sai ya ga G, ya ce babu ita. Malamin da bai san da wannan tarko ba zai zaci ɗalibin ne bai da kai.

Sannan ga baƙaƙenmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Yawancin ƙananan wayoyi ba su da su. Kana son rubuta “ƙura”, sai “kura” ta fito. Ka aika ma ɗan uwanka cewa kura ta dame ku a gari, ya taso da sanda! Haka “baƙi” da “baki”, haka “ƙafa” da “kafa”. Malami zai koya ma ɗalibi ya duba sauran maganar don ya gane wanne ake nufi. A manyan wayoyi kuwa ana iya sa allon rubutu na Hausa mai ɗauke da baƙaƙen nan. Malamai da yawa suna riƙe da irin wayar, ba su san da haka ba, don ba wanda ya taɓa nuna musu.

Kunyar malami

Akwai abin da masu shirya horo ke mantawa, ni kuwa na ɗanɗana shi. Farkon fara aikina, wata ƙungiya ta kira mu birni horon kwana biyu. Ɗaki mai kyau, ga wuta, ga fanka. Mai horon yana gaba yana dannawa, mu muna kallo a bango, muna kaɗa kai. Rana ta biyu da la'asar aka ba kowa tablet ɗinshi a kwali, aka sallame mu.

Na koma ƙauye da zumuɗi. Ranar darasi aji ya cika maƙil, har waɗanda suka daina zuwa sun komo don su ga sabon abu. Na kunna. Sai ta nuna wani rubutu da ban taɓa gani ba a wurin horo. Na danna nan, na danna can, ta ƙi wucewa. Ga dattijai sa'annin mahaifina sun zuba mini ido. Wani ya ce a hankali: “Malam, ko a kira yaro ya duba?” Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Amma ni gumi ya rufe ni. Na maida ta kwali. Ta yi wata uku a ƙasan akwatina. In an tambaye ni sai in ce babu caji.

Ba ƙyuya ba ce, kunya ce. Ga kuma tsoro: in ta lalace a hannuna, wa zai biya? Ba wanda ya gaya mana. Abin da ya cece ni, wata ranar kasuwa wani abokin aiki daga ƙauyen gaba ya biyo. Muka zauna gindin bedi awa biyu. Bai karɓe ta daga hannuna ba ko sau ɗaya. Ni ke dannawa, in na ɓata ya ce in sake. Ashe abin da ya tsayar da ni ɗan ƙaramin abu ne.

Tun daga ranar nake auna kowane horo da wannan ma'auni. Na'urar tana hannun wa? In tana hannun mai horo, kallo ake yi. Dole malami ya riƙe ta da kanshi, ya ɓata, ya gyara, a wurin da ba ɗalibanshi. Bayan haka ya yi darasin gwaji gaban ƴan uwanshi malamai, su gaya mishi inda ya karkace. Sannan a bi shi har ajinshi na gaskiya, ajin zana mai ƙura da yara masu yawa, ba ɗakin fanka ba. Kuma a faɗa mishi ƙarara wa ke gyara in abu ya lalace.

A ganina wurin da ya kamata a fara shi ne makarantun horon malamai, waɗanda ake ce ma Ekol Normal, irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, da Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi, da Kawsen ta Tawa, da Mali Bero ta Doso. Mu ma na yaƙi da jahilci an buɗe mana cibiyar horo a Yamai tun 1977. Wanda ya saba da na'ura tun yana ɗalibi ba zai ji tsoronta ba in ya zama malami. Amma malaman da ke cikin aji yanzu sun fi yawa. Da yawansu ƴan kwantiragi ne, wasu sun shiga aji ba su bi ta Ekol Normal ba. Waɗannan sai an haɗa musu biyu, dabarun koyarwa da na na'ura, don wanda bai iya tsara darasi da alli ba, tablet ba za ta tsara mishi ba. Su kam, taron malaman yanki da ake ce ma CAPED ya fi dacewa da su. Ba ya bukatar mota ko masauki, kuma wanda ya iya yana nuna ma wanda bai iya ba, kamar yadda abokina ya yi mini.

Bibiya kuwa ba sai da mota ba. A 2014 an yi wani gwaji a ajujuwan manya na jihohin Maraɗi da Damagaram. Kowane mako ana kiran malami a waya, a kira mai gari, a kira ɗalibai biyu. A tambaye su: an yi karatu wannan mako? Kwana nawa? Mutum nawa suka zo? Ba a rage ma kowa albashi ba, ba a ƙara ba. Duk da haka ɗaliban ƙauyukan da ake kira sun fi sauran ci gaba. Malamin da ke can ƙauye mai nisa, in ya san akwai mai tunawa da shi, ƙarfinshi yana ƙaruwa.

To, ku fa? Da yawanku kuna cikin kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar iyaye mata. Da, in an kawo takarda sai dai ku dangwala yatsa. Yanzu kuna iya karantawa. In an kawo kaya, ku ƙirga su, ku rubuta adadinsu a kayen kwamiti. Ku karɓi lambar wayar wanda za a kira in an samu matsala, ku rubuta ta ita ma. In an ce gari ya yi karo-karo don sayen pano ko batir, ku tambayi zancen horo kafin ku kwance bakin zane. Bayan wata guda ku tambayi ɗiyanku: kun taɓa na'urar da hannunku? Me kuka rubuta bayan an kashe ta? In kun ji tana kulle a kabad ɗin darekta, kada ku tara ma malami jama'a. Mutum ɗaya ko biyu su same shi a keɓe, su ce: “Malam, me ya tsaya? Da me za mu taimaka?” Watakila kunya ce irin tawa.

Ga aikin gida na wannan mako. Kowa ya nemi ƙaramar waya, tashi ko ta aro. Ya rubuta “gero” yadda na bayyana. In ta fito, ya gwada “wake”, sannan ya gwada sunanshi. Ya rubuta a kaye lambobin da ya danna don kowane baƙi, ya kai ma malaminshi ranar karatu. Malamai kuma, ku gwada tun a gida kafin ɗalibai su zo muku da shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.